Shekarar da Maman Emeka Ta Zauna a Gidanmu

Wannan babin saboda Aminu nake rubuta shi, ko da yake dukkanku za ku karanta. Ranar sunan ɗansa na biyu ina zaune a zaure, sai na jiyo shi a waje yana gaya wa abokansa cewa da Baba ya yarda an koma Bauchi a shekarar tashin hankali, da yanzu shi ma yana ofis kamar 'ya'yan kawunsa, ba a kan keke napep ba. Bai san ina ji ba. Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Sai dai labarin bai cika ba, kuma mahaifiyarku Rakiya da za ta cika masa shi, Allah ya yi mata rasuwa. Saura ni, ni ma ƙafafuna sun fara kumbura, likita ya hana ni gishiri.

Sai ku fara sanin irin mutumin da nake a lokacin. Direban tirela ne ni, ina ja wa wani Alhaji mota, ina ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa kudu. Ranar Laraba a yi lodi, kafin rana ta faɗi na wuce Darazo. Garinmu gari ne na hanyoyi. Wannan ta yi Damaturu da Maiduguri, wannan ta yi Azare da Kano, wata ta gangara Fika ta nufi Gombe, wata ta haura Gashuwa, ga kuma hanyar Jos da ta cinye mini ƙuruciya. Duk na san su, na san inda kwalta ta fashe, na san inda mai shayi ba ya ƙwauron madara. Abin da ban sani ba shi ne garin da hanyoyin suka haɗu a cikinsa. A wurina Potiskum wurin lodi ne da wanke kaya. In na ɗan kwana biyu a gida sai jikina ya fara tsami, in riƙa zagaye tsakar gida har kakarku Inna ta ce a buɗe mini ƙofa kafin in tattake mata kaji.

Gidanmu na unguwar Yerimaram katanga ɗaya ya haɗa da gidan su Emeka. Ƙananan cikinku ba su san shi ba. Mahaifinsa Ibo ne, yana daga cikin waɗanda suka fara sayar da kayan gyaran mota a garin nan, ya kawo matarsa tana amarya tun kafin yaƙin basasa. Da abin ya taso a wancan zamanin, suka gudu kudu, Emeka yana goye a bayanta. Babana ya riƙe musu gidan, Inna kuma ta tura keken ɗinkin matar cikin rumbu ta zuba gero a kai. Bayan yaƙi suka dawo a rame, suka tarar da komai. Tun daga nan aka san ta da Maman Emeka, mu kuma yaran gidan muke ce mata Mama. Ni da Emeka tare muka tashi, tare muka sha dukan malamin firamare ɗaya. Hausarsa ta fi tawa tsabta, yana kuma jin Karai-Karai fiye da yadda nake jin Ngizim, harshen uwata. Da ubansa ya rasu aka binne shi a nan, shi ya gaji shagon. Sau da yawa motata ta lalace a dajin da babu kowa, in aika masa saƙo, ya sa a kawo mini abin da nake nema bai tambaye ni komai ba.

Ba zan ba ku labarin abin da ya faru a gari a shekarar nan ba. Manyan cikinku sun ji ƙarar da kunnensu. Abin da ni na gani daga kan mota shi ne garin yana zubewa. Kasuwar shanu ta yi sanyi, sai aka koma ɗaukar hayata don kwashe mutane. Inda nake zuba shanu na koma ɗora gadaje da firji da buhunan tufafi. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, mai kemis ɗin bakin tasha, telan da ya ɗinka mini kayan aure, duk na kai kayansu Makurɗi ko Inugu na sauke. Wasu a nan aka haife su, ba su taɓa kwana a garin da suke ce wa nasu ba. Kowace tafiya in na dawo sai in tarar an ƙara garƙame wani shago.

Emeka ya daɗe yana jurewa, amma yana da yara mata da yawa, daga ƙarshe ya ce in zo in ɗauke su. Da safe muka yi lodi. An ɗora komai, matarsa da yaran sun shiga motar haya da za ta bi bayana, sai aka nemi Mama aka rasa. A tsakar gidanmu aka same ta, a kan kujera 'yar tsugunne kusa da murhu, tana taya Inna tsince wake kamar ba ta san abin da ake yi a waje ba. Emeka ya durƙusa ya yi mata magana da harshensu, ya daɗe yana yi. Ita kuwa da Hausa ta ba shi amsa, ina jin don mu ma mu ji.

"Na gudu sau ɗaya da kai a bayana. Na san yadda gudu yake. Babanka yana nan a ƙasa, ni ma ina nan."

Ya fito ya same ni a jikin mota, idonsa ja. Ya ce ba zai iya ɗaure uwarsa da igiya ba, kuma ba zai iya ajiye yaransa a nan ba, ya rasa yadda zai yi. Ina cikin neman magana sai ga Inna ta leƙo daga zaure, hannunta duk ƙaiƙayin wake.

"Ku tafi rana na yi. A shimfiɗa mata a ɗakina."

Haka aka yi. Ba wanda ya zauna ya yi shawara, ba wanda ya tambaye ni, ni da ake ce wa maigida. Na kai su Emeka, na dawo, na tarar Mama ta kafa ƙusa a bangon ɗakin Inna ta rataye carbinta mai gicciye, carbin Inna kuma yana ɗaya bangon.

Daga nan abubuwa suka ƙara tsananta. Aka sa dokar hana fita, aka hana hawa babur, aka rufe makarantu, daga baya aka katse layin waya gaba ɗaya. Wani lokaci sai a yi makonni motata tana fake. Ban taɓa zama a gida haka ba tun ina saurayi. In fita ƙofar gida in dawo, in hau kan buhun gero in leƙa ta katanga, in kunna rediyo in kashe. Ku yara kuna ɗaki, an hana ku ko leƙa waje. Abin da ya cika gidan shi ne muryar tsofaffin nan biyu, don tun daga karin kumallo suke fara gardama, kuma kullum a kan abu ɗaya, wato garin nan. Hausar Inna da Ngizim a cikinta, Hausar Mama kuwa har ta tsufa ba ta raba mace da namiji ba, tana ce wa Inna "kai". Da wannan Hausar da babu wadda ta sha ta a nono suke faɗa har la'asar.

Inna ba ta taɓa cewa Potiskum ba, Pataskum take cewa, ta ce haka sunan yake tun wurin yana daji. Ta ce tana yarinya babanta yakan ɗoro ta a jaki daga ƙauyensu Danchuwa, su ratso gonaki da kurmi, kuma inda tasha take yanzu kura na kuka da rana tsaka. Sai ta fara jero mutane yadda suka zo: su Ngizim suna nan, Karai-Karai suna can gefensu, Bolewa suka taho da sarkinsu daga Fika zamanin Turawa, Kanawa suka biyo fatauci suka buɗe rumfuna, Fulani kuma da ma suna ratsawa da shanu har wasu suka gaji suka zauna. Mama ta bar ta ta gama, sannan ta ce duk wannan ƙauye ne, garin bai zama gari ba sai da aka zuba kwalta, motoci suka fara lalacewa a nan, mijinta ya fara tayar da su. Inna ta ce mijin naki da ya zo wa ya ba shi ruwan sha. Daga nan su koma kan wata rijiya da aka cike tun ban yi wayo ba. Inna ta ce tana gabas da tsohuwar kasuwa, Mama ta ce yamma, ai a nan guganta ya taɓa faɗawa. Suna iya kwana biyu a kan rijiyar nan. In abin ya ƙi, sai su kira ni in raba, ni kuma in ce ban sani ba, Inna ta ce ai da ma ni baƙo ne da ke zuwa wanka. Tun ina jin haushin hayaniyar har na koma jawo tabarma kusa da ƙofarsu. A wannan zaman na koyi yawancin abin da na sani game da garin da aka haife ni.

Wata rana bayan la'asar Bulama, mai unguwarmu, ya yi sallama a zaure. Mutumin kirki ne, kuma a kunyace ya zo. Ya ce wasu maƙwabta sun same shi, sun ce kowa ya san wadda ke cikin gidana, kuma in masu ɓarna suka ji suka zo, ba gidana kaɗai za su ƙona ba, layin ne gaba ɗaya. Ya ce akwai wurin da sauran Kiristocin da suka rage suke taruwa kusa da jami'an tsaro, ko zan kai ta can. Ina so ku sani ban ga laifin mutanen nan ba. Kowa da yaransa, kuma ni kaina abin da suka faɗa ya daɗe yana cina. Na ce masa zan yi tunani. Ashe Mama tana bayan labule ta ji komai. Kafin in shiga ciki ta ƙulle kayanta a zane, ta ɗaura ɗankwali, ta ce in nemo mata keke napep, ba za a ƙona gida saboda ita ba. Inna ta taso da ƙyar, don gwiwoyinta sun riga sun lalace, ta ja ƙullin kayan ta zauna a kai. Sannan ta ɗaga murya yadda zai ji daga zaure.

"Bulama, ranar da matar nan ta shigo layin nan, uwarka ba ta yi aure ba. In za a fara fitar da baƙi, a fara da waɗanda suka zo daga baya."

Bulama ya ce Allah ya huci zuciyar Inna, ya tafi. Daga baya na ji shi da kansa ya bi gida-gida ya ce a bar maganar. Amma gida biyu sun hana yaransu shigowa wurinmu, wani kuma da muke sahu ɗaya a masallaci ya koma ɗaya gefen. Duk ƙarar da aka yi a bakin layi sai in tashi in leƙa ta katanga. Ranar Lahadi in gari ya yi dama-dama nakan kai Mama coci. Mahaifiyarku ta taɓa miƙa mata hijabi don kada a gane ta a hanya, ta ƙi, ta ce Allah ya san fuskarta. Mayafi kawai ta karɓa.

Ana cikin haka Alhajin da nake ja wa mota ya kira mu direbobinsa. Ya ce ya gaji, zai kwashe motocinsa ya mayar Bauchi, ya kama ɗakuna a can, duk mai so ya ɗauko iyalinsa, wanda ba zai je ba ya ajiye makulli. Da na gaya wa mahaifiyarku, fuskarta ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ta ce makarantu a buɗe suke a Bauchi. Ta ce Aminu ya kai shekarun da in aka yi kame ba a tambayar ɗan wane ne, kuma jarrabawarsa ta ƙarshe tana wucewa yana zaune a ɗaki. Duk abin da ta faɗa daidai ne, ban iya musa ko ɗaya ba. Ni ma a raina na riga na hau hanya.

Sai na shiga ɗakin tsofaffi. Inna ta ce ita ba ta san kowa a Bauchi ba, kuma ba za ta je ta mutu a ɗakin haya ba. Mama ta ce da tana iya barin garin nan ai da ɗanta za ta bi. Suka ce mu tafi abinmu, za su iya da kansu, alhali Inna ko bayi sai an riƙe ta. Na juya maganar ta kowace fuska. In tafi ni kaɗai, in bar mata da yara a gidan da ake nunawa da baki, babu ko wayar da za a kira ni. In tura mahaifiyarku da ku, to wa zai yi wa Inna wanka, kuma ɗakin na direban da ke aiki ne. Na aika wa kawunku na Bauchi ko zai karɓi Aminu shi kaɗai, ya ce gidansa ya cika da dangin matarsa da suka gudo daga Damaturu, har a zaure ake kwana. Wannan Aminu bai sani ba, don ban so ya riƙe kawunsa a zuciya. Kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In je garejin Alhaji in zagaya motar, in duba taya, in dawo gida, in sake komawa. Mahaifiyarku kuwa ta riga ta haɗa tukwane a buhu, ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole.

Safiyar ranar da zan ba Alhaji amsa, na fito ban san abin da zan ce masa ba. Sai na ga mahaifiyarku a tsaye a ƙofar ɗakin Inna da kwanon koko a hannu, ba ta shiga ba. Na leƙa ta kafaɗarta. Mama ce zaune a ƙasa ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta tana shafa mata man zafi, suna ta musu a kan shekarar da fara ta cinye gero. Mahaifiyarku ta ajiye kokon, ta wuce madafa, ta kwance bakin buhu ta fara fito da tukwane tana jerawa. Na tsaya a kanta. Ba ta ɗago ba.

"Malam, je ka ba Alhaji makullinsa. In muka tafi muka bar su, ko a Bauchi abinci ba zai wuce mini ba."

Na ce ta tabbata.

"Ban tabbata ba. Kuma ka sani yaran nan za su yi tambaya wata rana, kai za su tambaya."

Na kai makullin. Alhaji ya yi ta ba ni baki, da ya ga na kafe ya miƙa wa wani yaro da ni na koya wa tuƙi. Ina tsaye aka tayar da motar aka fita. Ban sake jan tirela ba har yau.

Abin da ya biyo baya kun gani. Na karɓi keke napep na haya, ni da nake ratsa jihohi kafin in karya kumallo na koma tsakanin Yerimaram da kasuwa, in kai in dawo, in kai in dawo. Da farko ji nake kamar an sa ni a kwalba. Aminu ya rasa jarrabawarsa, da aka buɗe makarantu kuma ƙarfina bai kai in mayar da kowa ba, shi ne babba, shi ya fara karɓata a keken da rana. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, malamansa har gida suka biyo shi. Wannan ita ce hasarar da ta fi mini ciwo, ta fi motar nesa ba kusa ba, kuma babu ranar da na daina lissafa ta a raina.

A kan keken nan na ga garin ya sake cika, amma da wasu mutane. Daga gabas suke zuwa, daga ƙauyukan da aka tarwatsa, da tabarmi da akuyoyi, wasu Barebari, wasu Babur, wasu ko gaisuwar Hausa ba su iya ba. Suka kama gidajen da na kwashe wa kaya. Waɗanda ba su samu ba suka kafa bukkoki a gonakin bakin gari, bukka ta zama ɗakin jar ƙasa, ɗaki ya zama layi. Ta hanyar Mamudo, inda na saba ganin dawa ta fi mutum tsawo, sai ga masallaci da mai cajin waya. Fasinja ya shiga ya faɗi sunan unguwa, ni haifaffen garin in ce ya nuna mini hanya. In na dawo gida tsofaffin su tsare ni in ba su labari. In kwatanta musu wurin, Inna ta ce ai gonar su wane ce, Mama ta ce a'a, nan ne ake zubar da tsofaffin tayoyi, su ɗora daga inda suka tsaya. Mama ta ce in na ga waɗanda suka shiga gidanta in gaya musu ɗakin tsakiya yana yoyo ta kusurwar arewa. Na gaya musu. Wata mata ce daga wajen Buni da 'ya'yanta, mijinta bai samu fitowa daga can ba. Ba a daɗe ba ta fara shigowa gidanmu ɗaukar wuta, Mama tana koya mata Hausa irin tata.

Lokacin da babu waya, sai mutum ya bi hanyar Azare har ya shiga ƙasar Bauchi kafin ya samu sabis. Nakan je can in kira Emeka. Kullum tambayarsa ɗaya, ko ta sauko. In ce tana nan lafiya, ta ƙara ƙiba ma. Sai ya yi dariya.

Da damina ta tsaya Inna ta kwanta. Ba ta daɗe ba. Mama ce take juya ta, ita take ba ta kunu da cokali, in Inna ta ƙi sha ta ce mata kai ba ka da kunya, babba da kai. Wata Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Da mata suka zo wanka Mama ta fito ta ba su wuri, ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe ɗankwalin Inna. Kwanakin zaman makoki kuwa tana tsakiyar tabarma, dangin Inna na Danchuwa suna shigowa su durƙusa a gabanta su yi mata gaisuwa kafin su yi wa kowa, don sun san ita ce babba a gidan. Har matan gidajen nan biyu da suka hana yaransu zuwa sun shigo, sun gaishe ta, ta amsa.

Bayan an share makoki gidan ya yi tsit. Mama ta daina fitowa tsakar gida. In na ba ta labarin sabuwar unguwa sai ta ce to, ba ta ƙara komai. Mahaifiyarku ta sa 'yar'uwarku Halima ta koma kwana ɗakinta, ta yi mata miyar da take so da manja, duk a banza. Wata safiya ta kira ni. Ta ce in kai ta maƙabartarsu ta ga mijinta, in mun dawo kuma in nemi mota.

"Wanda zan yi faɗa da shi ya tafi. Kai ni wurin Emeka."

Na ari ƙaramar motar wani abokina muka kama hanyar Jos. A lokacin gari ya fara lafawa, wasu daga cikin waɗanda na kwashe har sun fara dawowa, muna ta gamuwa da motocinsu. Na ce mata ko mu juya. Ta girgiza kai. Yawancin tafiyar barci ta yi. A gadar Makurɗi ta farka ta dubi ruwan, ta ce wancan karon da ta ƙetare shi ba ta gan shi ba, don a tsakiyar mutane take a tsaye. Ta ci gyaɗar da mahaifiyarku ta soya mata, ta koma barci.

Ƙauyensu yana bayan Inugu, cikin itatuwan kwakwar manja, ƙasar ja wur. Emeka ya rame, ya yi furfura, ya buɗe ɗan shago a bakin titi inda ba wanda ya san shi. Da muka tsaya dangi suka fito da guɗa da waƙa, aka rungume ta, aka zaunar da ita a kujera mai hannu. Tsofaffin mata suna zuwa suna gaishe ta da harshensu, ita kuma sai ta ce lafiya lau, sannan ta tuna ta juya harshe. Yara suna dariya. Emeka ma ya yi dariya da farko, daga baya ya daina. Aka kawo sakwara, ta ɗan taɓa, ta tambayi matar Emeka ko ana samun gero a kasuwarsu. Na kwana a ɗakin Emeka, muka yi hirar mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya dawo. Ban gaya masa na rasa motar ba, amma ya ga abin da na zo da shi, bai tambaya ba.

Wannan ne ganina da ita na ƙarshe, don a can ta rasu bayan 'yan shekaru. Da safe na yi sallama da kowa, na shiga mota na tayar. Sai na ga ta ɗaga hannu, na tsaya. Ta tako a hankali har bakin taga ta dafa ƙofa.

"Sale, yaushe za ka isa gida?"

Na ce in Allah ya yarda gobe da yamma.

"To. Ka gaida mutanen gida. Ka ce musu na sauka lafiya, masu masaukin suna da kirki."

Emeka yana tsaye a bayanta, a ƙofar gidan kakanninsa, ya ji abin da ta ce. Ya sunkuyar da kai, ya zo ya janye hannunta daga jikin ƙofar a hankali, ya bubbuga rufin motar yadda ake yi a tasha. Na ja.